Harsashi na Ashirin

Talata, 2 ga Mayu

Kayan sun iso. Kwali uku: injin matsi, sikeli, mazurari, wani katako mai ramuka hamsin, da littafin awo mai kaurin Baibul. Albarushi kuwa sai na je garin Beaufort da lasisina na karɓo da kaina.

Wata uku ke nan da na sayar da kantin magani. Shekara talatin da huɗu ina auna abin da mutanen garin nan za su haɗiya, yanzu ba abin da nake aunawa sai garin kofi. Matata Elsabe ta ce idan na sake jera mata kwalaben kayan miya bisa tsarin haruffa, ɗayanmu zai bar gidan nan, kuma ba ita ba ce. Ita ta ce in nemi abin yi. To na nema. Zan riƙa cika harsashin bindigata da kaina, kamar rabin mazan wannan gari.

Ta leƙa cikin kwalin ta ce, "Sikeli kuma?" Ta koma kicin.

Alhamis, 4 ga Mayu

Na ɗaura injin a teburin gareji da ƙusa huɗu. Ja ɗaya na yi, katakon ya tsage. Kamar an aiko shi, sai ga Dewald mijin 'yata Rentia ya kawo wa surukarsa ƙwai. Ya koma a-kori-kurarsa ya dawo da faifan ƙarfe da noti. Minti ashirin ya gama. "Yanzu ko Pa ya rataya a jiki ba zai motsa ba." Haka shi da Rentia suke kirana, Pa, wato Baba.

Aikin ya yi, ba zan ƙi faɗa ba. Amma ya bar mini shatin yatsa na baƙin mai a shafin farko na littafin awo. Mutumin da ke gyaran famfon iska da ido da kunne, ban taɓa ganin ya auna komai ba a rayuwarsa. Shekara shida da auren, har yau ban gano abin da 'yata ta hango ba.

Asabar, 6 ga Mayu

Darasi na farko wurin Oom Sarel, wato Kawu Sarel, kamar yadda kowa ke kiransa. Shekararsa tamanin da ɗaya, tun kafin a haifi Dewald yake cika harsashi a rumfar bayan gidansa. Ya sa ni na zauna a kan bokiti, shi yana kan kujera.

Aikin kansa ba wani abu ba ne. Ka wanke kwanson da aka harba, ka matse shi ya koma girmansa na asali, ka danna masa sabon ƙyastu a gindi, ɗan abin nan da ke tayar da wuta idan kunamar bindiga ta buge shi. Ka auna albarushi ka zuba, ka dasa dalma a baki. Yaron makarantar firamare zai iya.

Dokokinsa ne suka ci mana awa biyu. Gwangwanin albarushi ɗaya tak a kan tebur. Sannan wai sai na zuba wa kowane kwanso, na jera su duka a katako, na bi su ɗaya bayan ɗaya da tocila ina leƙa ciki, kafin in taɓa dalma ko guda. Ta ƙarshe kuwa sau uku ya maimaita ta: harsashin da ka cika naka ne kai kaɗai. Ba ka ba kowa, ba ka karɓar na kowa, ko da na limamin coci ne.

A bangon rumfar akwai bututun bindiga rataye, ya dare gida uku kamar ɓawon ayaba. Na ɗan'uwansa ne, wanda har ya mutu ido ɗaya gare shi. Na ce albarushi ne ya yi yawa. Ya ce a'a.

"Kowa wanda aka cika da yawa yake tsoro. Ni wanda ba a zuba wa komai ba nake tsoro. Ƙyastu kaɗai zai tura dalma ta shiga bututu ta maƙale. Ɗan fut za ka ji, in ma ka ji. Idonka na kan barewa tana gudu, ka ɗauka bai tashi ba ne, ka ja sakatar bindiga ka sa na biyu. To na biyun shi zai tarar da hanya a toshe."

Na ce, Oom, shekara talatin da huɗu ina auna guba a kan sikeli, ban taɓa kuskure ba ko sau ɗaya.

Ya ce, "Na sani, mai magani. Shi ya sa nake nuna maka."

Ban ji daɗin maganar ba.

Laraba, 10 ga Mayu

Na wanke kwanso sittin, na tsane su a rariyar kicin. Elsabe ta ce rariyar ta zama tawa, har abada.

Juma'a, 12 ga Mayu

Harsashi goma na farko. Na bi tsarin Oom Sarel tiryan-tiryan, har da tocilar, ina jin kaina kamar wawa. Hannuna bai manta ba. Ƙwaya ɗaya ta albarushi idan ta yi yawa ina ganin allurar sikeli ta karkata. Rabon da in ji irin wannan natsuwar tun ranar da na miƙa makullin kanti.

Na rubuta takardar akwatin kamar yadda nake rubuta ta kwalbar magani: kwanan wata, irin albarushi, nauyi, sunana. Da na gama sai na ga kamar akwai abin da ya rage a takardar. Ban gano ko mene ne ba.

Asabar, 20 ga Mayu

Filin harbi na ƙungiyar maharba, hunturu ya shigo, sanyi kamar zai cire kunne. Harbi biyar a mita ɗari, kuma tsabar kuɗi guda, ta rand biyar, ta rufe ramukan duka. Oom Sarel ya duba allon da na harba ya daɗe, sannan ya ce, "Iska ce ta kwanta." Daga bakinsa wannan lambar yabo ce.

Dewald ma ya zo da harsashinsa na kanti. Bindigarsa irin tawa ce sak, harsashi ɗaya suke ci. Nasa ramukan sai dai a rufe su da murfin tukunya. Ya yi ta dariya, ya ce barewa ai ba ta san lissafi ba. Na ce shi ya sa ake cinye ta.

Lahadi, 21 ga Mayu

Bayan coci, cinyar rago da kabewa, Rentia da Dewald sun zo. Na kawo allon jiya kan tebur. Rentia ta ce, "Pa zai sa shi a firam ne?" Da maganar ta zagayo kan shekara talatin da huɗu ba kuskure, sai ta ƙarasa mini jimlar tun ban kai ƙarshe ba. Elsabe ta tashi ta ce za ta duba tuwon madara a murhu. Na lura duk lokacin da na ɗauko wannan zancen akwai abin da ke ƙonewa a kicin.

Talata, 30 ga Mayu

Na sauya tsari. Maimakon in jera hamsin a buɗe ina binsu da tocila, sai in ɗauki kwanso ɗaya, in zuba, in dasa dalma nan take, in ajiye. Ya fi tsabta, ya fi sauri, ba kwanson da ke zaune a buɗe ƙura na shiga. Tsarin Oom Sarel na masu mantuwa ne. Ban gaya masa ba.

Litinin, 5 ga Yuni

Ruwan kwanon kare ya daskare. An fara rataye naman farauta a garejin maƙwabta, duk layin nan ƙanshin gishiri da kayan yaji.

Litinin, 12 ga Yuni

Ranar Lahadi Dewald zai cika shekara arba'in. Asabar ta gaba kuma, 24 ga wata, za su farautar barewa a wata gona can bayan garin Loxton, gonar da yake gyara wa famfo. Elsabe ta saya masa safa. Ni zan cika masa harsashi ashirin, ya ga bambancin abin da aka auna da abin da inji ya tofa.

Na san dokar Oom Sarel. An yi ta ne saboda mutanen da ba a san hannunsu ba.

Alhamis, 15 ga Yuni

Na gama ashirin ɗin. Da na gama da wuri in ba don Tannie Breggie ba, gwaggon nan da ta daɗe tana sayen magani a kantina. Ina kan na ƙarshe sai ga ta a ƙofar gareji, sigari a baki, ledar magunguna a hannu. Sigari! A garejin da ke da albarushi! Na kawar da abin da ke gabana, na tura ta waje har tana tuntuɓe da tsintsiya.

"Wynand, yarinyar nan da ta sayi kantinka ta ba ni fari maimakon ruwan hoda."

Magani ɗaya ne, kamfani ne daban. Sau huɗu na faɗa mata. Daga nan muka shiga ciwon gwiwa, daga gwiwa muka shiga jikanta na Ostireliya. Rabin awa a tsaye cikin sanyi. Ta ce tun da muka bar kantin, ni da Elsabe, ba ta ƙara yarda da kwalba ba. Na ce ai Elsabe kuɗi kawai take karɓa tana sa wa a leda. Ta ce, "Uhm."

Na dawo, kwanson yana tsaye a cikin inji inda na bar shi, na dasa masa dalma. Na goge su duka da ƙyalle, na jera a akwati. Suna ƙyalli kamar na kanti, sun ma fi.

Lahadi, 18 ga Yuni

Na ba shi. Na ɗan yi jawabi, Rentia ta ce jawabin ya fi huɗubar safe tsawo. Abin da na ce kawai shi ne a duniya akwai masu aunawa, akwai masu cewa "ai ya yi haka nan".

Na zaci zai yi wasa da abin. Sai ya goge hannunsa a wando kafin ya karɓa, ya buɗe, ya tsaya yana kallo. Ya ce, "Pa da kansa ya zauna ya yi mini?" Ya ce ba zai taɓa ko ɗaya ba sai ranar farauta.

Ban san abin zai shige shi haka ba. Na ɗan ji kunyar jawabin. Kaɗan.

Laraba, 21 ga Yuni

Na shiga gareji in cika nawa. Na nemi ɗan kaskon sikeli na rasa. Na duba ƙarƙashin tebur, na duba aljihuna, har na fara zargin Elsabe. Ashe yana can saman kanta, bayan gwangwanin fenti, inda na cusa shi ranar da Tannie Breggie ta shigo da sigari.

Da albarushi a ciki. Na ɗora a sikeli. Awo ɗaya cif, ba ragi ba ƙari.

Na zauna a kan bokiti.

Wataƙila na riga na zuba wa na ashirin, wannan na ashirin da ɗaya ne na auna saboda hannu ya saba. Yana yiwuwa. Mutum kan yi haka.

Ban cika komai ba yau.

Alhamis, 22 ga Yuni

Me zai sa in auna na ashirin da ɗaya alhali kwanso ashirin na fitar?

Na je wurin Oom Sarel da hantsi. Na ce wani ne a ƙungiya ya tambaye ni, wai ya tarar da awo ɗaya a kasko bayan ya gama. Yana gyara bututun tabarsa bai ko ɗago ba.

"Ai sai ya haska, tocila ba ta nuna masa ba?"

Na ce mutumin ba ya amfani da tocila.

"To ya ɗora su a sikeli ɗaya-ɗaya, wanda ba komai ciki zai yi sauƙi. Aikin minti biyar ne. Suna wurinsa dai ko?"

Na sunkuyar da kai. Sai a nan ya ɗago ya dube ni.

"Ka gaya wa mutumin nan, mai magani, ya tashi yanzu ya je ya karɓo. Yanzu. Kunya ba ta taɓa cire wa kowa ido ba."

Na fito na bi ta gaban shagon Dewald. Yana ƙarƙashin wata tarakta, ƙafafunsa kawai ake gani, yana fito. Na rage gudu. Ban tsaya ba. Me zan ce, bayan jawabin ranar Lahadi? Kafin yamma garin nan kaf zai ji, har yarinyar da ta sayi kantina.

Akwai dabara. Gobe da safe zan ce masa na manta ban rubuta wani abu a takardar akwatin ba, ya ba ni na awa ɗaya. In auna, in gyara, in mayar. Sai Asabar za su tafi. Ba wanda zai sani, ba wanda zai cutu.

Elsabe ta tambaya me ya sa ban ci abincin rana ba. Na ce ciki.

Asabar, 24 ga Yuni

Jiya ban iya rubutu ba. Bari in rubuta yadda ya faru, a jere.

Ƙarfe tara na je shagon Dewald. A kulle. Na je gidansu, ba mota, karen ma ba ya nan. Na dawo gida na tambayi Elsabe kamar ba komai. Tana murza ƙullu ta ce ai tun asuba suka tafi, mai gonar ya roƙi Dewald ya zo da kwana ɗaya ya duba masa famfo.

"Suka?"

"Da Rentia mana. Ba ta gaya maka ba? Ta ce bana ita za ta fara harbi, da bindigar Dewald, da harsashin babanta. Wai so take ta kawo maka naman ta ce ga aikinka."

Na ruga wurin waya.

Na kira wayar Dewald, na kira ta Rentia. Wurin ba sabis, kowa ya sani, sai an hau tudu. Wayar gidan gonar ta yi ta ringi ba mai ɗauka. Kuma duk wanda ya taɓa zuwa farauta ya san yammacin Juma'a ake gwada saiti a jikin madatsar ruwa. Ba Asabar nake da ita ba. 'Yan awoyi nake da su.

Na gaya mata. A tsaye, a kicin, cikin jimla uku. Ban taɓa jin muryata haka ba. Ba ta ce "na faɗa maka" ba. Ta wanke hannu, ta rufe ƙullun da ƙyalle, ta ce, "Ɗauko sikelinka. Ni zan buɗe ƙofofin shinge."

Kilomita ɗari da arba'in, fiye da rabi burji. Ƙofa goma sha ɗaya. A kowace sai ta sauka cikin iskar nan, ta buɗe, in wuce, ta rufe, ta dawo. Mace mai shekara sittin da ɗaya da ciwon ƙugu. A ta huɗu na ce a bar su a buɗe mana, muna sauri. Ta ce tumakin mutane ba su yi mana laifin komai ba.

Wajen ƙofa ta bakwai ne bakina ya kufce. Na ce shekara talatin da huɗu ban yi kuskure ba, sai yanzu, sai a kan 'yata.

Ta juyo ta dube ni. Sannan ta ce, "Wynand, ka tuna ɗan ɗigon fensir da nake yi a kusurwar takardar kowace kwalba?"

Na ce na tuna, alamar an biya.

"Ba alamar an biya ba ce. Alamar na karanta takardar likita na karanta taka, sun yi daidai. Waɗanda kuma nake dawo maka da su in ce tawada ta ɓata, sake rubutawa, ka ɗauka tawada ce?"

Na ce sau nawa.

"Ba yawa. Biyu, uku a shekara. Kai gwani ne, ban ce ba gwani ba ne. Amma ba kai kaɗai ne a kantin ba."

Na ce me ya hana ki faɗa.

"Ka ji daɗin abinka, mutane sun sha maganin da ya dace. Me zan faɗa?" Sai ta ce in kula da rami.

Muka kai ƙofa ta goma sha ɗaya. Tana cikin buɗe ta muka ji harbi daga bayan tudu. Ɗaya. Na ƙirga a zuci ina jiran na biyu. Na danna hon na riƙe, ban saki ba har muka zagayo.

Suna can a gindin madatsar, su biyar, da mai gonar da wasu baƙi biyu daga birni. Rentia na kwance a kan tabarma, bindiga a kan buhun yashi, abin toshe kunne a kanta, ba ta ma ji hon ɗin ba. Dewald ne ya ji, ya dafa kafaɗarta. Na fito ina ihu a buɗe sakatar bindiga, a buɗe sakata. Ban kashe motar ba, Elsabe ce ta kashe.

Uku aka riga aka harba, duk lafiya. Dewald biyu, ita ɗaya.

Dewald ya dube ni, ya dubi sikelin da ke hannun Elsabe, na ga ya gane. Ya juya wurin baƙin ya ce, "Pa ne, ba ya iya barin aikinsa, ya zo ya ga yadda suke tashi." Yana ba ni hanya ke nan. Na ga hanyar sarai, a buɗe.

Na ce a'a. Na ce ɗaya daga cikin harsasan nan ba albarushi a ciki, ni na cika su, ni na yi kuskuren, kuma tun Laraba na sani.

Mai gonar ya cire hularsa ya sosa kai ya mayar.

Iska ta hana sikeli tsayawa, ko a cikin mota allurar rawa take. Dewald ya ce, "Pa ya kawo in gani." Ya fitar da huɗun da ke cikin bindiga, ya haɗa da na akwati, ya zauna a murfin bayan mota. Ya riƙa ɗaukar ɗaya-ɗaya yana girgizawa a gefen kunnensa, ido a rufe, yadda yake sauraron famfo. Na akwati sha uku, duk suna ɗan shashsheƙa. Ni ko ɗaya ban ji ba. Sai ya ɗauki na cikin bindigar. Na farko ya ajiye. Na biyu ya girgiza, ya sake girgizawa, ya miƙo mini.

Ko a hannu ya fi sauƙi, da na sani na ji.

Na biyu daga sama. Harbi ɗaya ya rage tsakaninta da shi, kuma da toshe a kunnenta.

Rentia ta ce, "Tun Laraba, Pa?" Iyakar abin da ta ce ke nan. Ta tafi wajen madatsar ta tsaya ta ba mu baya. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na ce wa Dewald ya ba ni sauran sha shidan, ya yi amfani da nasa na kanti. Ya ce ai ya ji su, lafiyarsu ƙalau. Na ce kunne ba awo ba ne. Sai na ji abin da na faɗa, na ce, ka yi haƙuri, kunnenka ne ya samo shi. Amma ka ba ni dai. Ya ba ni. Ya riƙe akwatin, wai shi kyautarsa ce.

Matar mai gonar ta ba mu kofi da busasshen burodi. Elsabe ce ta tuƙo mu gida. Ni na buɗe ƙofofin, duka sha ɗaya. Sakatun waya ne masu cin yatsa. Ban san haka suke ba.

Lahadi, 25 ga Yuni

Ban je coci ba. Na warware sha shidan duka. Kowanne daidai yake, cif. Bai rage mini komai ba.

Talata, 27 ga Yuni

Na kai wa Oom Sarel wanda ba komai a cikin. Na ce mutumin nan ni ne. Ya ce ai ya sani, ƙungiyar duka mutum nawa ce. Ya juya harsashin a hannu, ya ce in ajiye shi inda idona zai riƙa faɗa masa. Sannan ya nuna bututun da ke bango da haɓa.

"Ka taɓa tambayata wa ya cika wa ɗan'uwana nasa?"

Ban taɓa ba. Amma na gane, ba sai ya faɗa ba. Muka sha kofi.

Asabar, 1 ga Yuli

Dewald ya kawo cinyar barewa. Rentia ce ta harbe ta, da na kanti. Ita ba ta shigo ba, ta zauna a mota. Ta dai ɗaga mini hannu da za su tafi. Elsabe ta ce in ba ta lokaci, kuma kada in kuskura in yi jawabi.

Teburin gareji ya fara ƙura. Ina tunanin sayar da kayan.

Lahadi, 9 ga Yuli

Sun zo cin abinci, su biyun. Rentia ta miƙo mini gishiri ba tare da na roƙa ba. Dewald ya bar akwatin nan fanko a kan teburin gareji. Da shatin baƙin mai a murfin. Ba zan cika masa ba, doka doka ce. Amma in yana so ya zo ya koya ya cika nasa, ranar Asabar ina gida. Na gaya masa haka a bakin mota, a gajarce.

Laraba, 12 ga Yuli

Na cika goma, nawa. Na zuba wa duka, na jera a katako. Batirin tocila sabo ne, na bi su sau biyu.

Hasken garejin nan ba shi da kyau da rana tsaka, shi ya sa na leƙa kicin na ce ko tana da minti biyu. Ba don komai ba, tabarauna ne ya tsufa. Ta zo da gari a hannu, ta karɓi tocila, ta leƙa kowane kwanso ba gaggawa, leɓenta na motsi. Ta duba littafin awo, ta duba takardar da na rubuta. Ta ce tawada ba ta ɓata ba.

Na dasa dalma, na jera a akwati. Ta zaro fensir daga aljihun rigar girkinta, ban san har yanzu tana yawo da shi ba, ta yi ɗigonta a kusurwar takardar. Na yi kamar ina neman wani abu a ƙarƙashin tebur.

Ban dai rufe murfin ba sai da ta ɗiga.